Wanda Ya Kashe Mai-Tabo

Sandar ta sauka a bakin marubucin, haƙoransa suka zube. Matasa sun ɓalle ƙofar ofishin, sun farfasa kwamfutoci, sun jawo shi ta ƙafa har bakin titi.

"Kai ne ka kashe Mai-Tabo a sabon wasan kwamfutarku?" in ji wani, yana take masa yatsu. "Jarumin da kakata ke ba mu labarinsa!"

Wace kaka? Ai shi marubucin ne ya ƙirƙiro Mai-Tabo, ranar da tayar motarsa ta fashe. Yana zaman jira ya zana fuskar mai facin, har da tabon goshinsa, ya rataya masa takobi da tarihin ƙarya. Ko izinin mutumin bai nema ba.

"Wallahi babu shi!" ya ce, jini ya cika masa baki. "Ni na shirya labarin!"

Taron ya dare biyu. Wani dattijo ya tako a hankali, mutane suna sunkuyar da kai. Ga tabo a goshinsa, ga ƙarfen cire taya a hannunsa.

Ya durƙusa kusa da marubucin. "Ɗana, maimaita in ji. Wa ka ce babu shi?"