Ba A Jiran Kowa

"Ba a jiran kowa," in ji Dogo, shugaban ƙungiyar 'yan keke, ranar da tayar Tela ta fashe a daji. Kilomita tara Tela ya tura kekensa cikin rana.

Da makon tsara hanya ya zagayo kansa, tun Laraba ya tura saƙo a guruf ɗinsu na waya: an zuba tsakuwa mai kaifi a tsohuwar hanya, a gidan mai za a karya hagu. Dogo ya amsa da "Madalla," bai karanta ba, kamar kullum.

Ranar Asabar suna tashi Dogo ya fizgi keke ya bar kowa, ya miƙe tsohuwar hanya. Ko famfon iska ba ya ɗauka, wai nauyi.

Tela da sauran suna hutawa a inuwa, wayar Tela ta yi ƙara.

"Tela, kuna ina ne? Tayoyina duka sun fashe!"

"Ayya, Shugaba! Duba allon gefen titi, kilomita nawa zuwa gari?"

"Tara."

Tela ya kurɓi ruwa a hankali.

"Awo sana'ata ce, ranka ya daɗe. Ba a jiran kowa."