Saƙon Gide Ya Iso

Ranar da aka maido da sabis ɗin waya a Sheme, saƙon murya ya shigo wayar Suwaibatu. Yayanta Gide ne, yana haki: "Ku gudu! 'Yan bindiga sun taso ta wajen Daudawa!"

Ta suri goyonta ta fita da kururuwa. Unguwa ta rikice, mata da yara suka watse cikin gonakin dawa.

Suka yi ta jira. Ba ƙarar babur, ba harbi.

Maƙwabciyarta Hamida ta karɓi wayar ta duba. "Yaya Suwaiba, ai tsohon saƙo ne. Ranar da aka yanke sabis ya turo maki shi."

Suwaibatu ta zauna daɓas a ƙasa. Da yammacin ranar da aka yanke sabis ɗin ne 'yan bindigar suka shigo suka tafi da mijinta.