Tiyo Biyu a Rami Ɗaya

Barmo yana durƙushe cikin rami yana shafa gam a bakin tiyo, sai ga inuwar Alhaji Dogo a kansa.

"Malam Barmo, wai tiyo biyu na mi ne? Guda bai isa ba?"

"Wayar babbar wuta daban, wayar maɓallan inji daban. In ba haka kaka so ba, Alhaji, nemi wani."

Alhaji ya haɗiye fushinsa. Shekarar fari ce, gujiya ta ƙone a gonakin Gidan Rumji, amma ya rantse sai sabon injinsa na matsar mai ya tashi kafin damina. Mai jan wayar lantarki irin Barmo kuwa ba a samunsa a kasuwa.

Bayan katangar gidan matsar, cikin wani kwari, Hamma ya sauka da 'yan shanun da suka rage masa. Shi ne makiyayin da duk kaka yake kwantar da garkensa a gonar su Barmo, ya bar musu taki, su auna masa gero. Tun zamanin iyayensu haka ake yi. Yanzu rijiyoyi sun ƙafe, shanun har tashi yana gagararsu. Ruwan da ya rage a kusa yana cikin tankin Alhaji. Barmo ya roƙa musu, Alhaji ya ce ruwansa na inji ne, ya ajiye maigadi da sanda a ƙofa.

Daga ranar Barmo bai sake ta da maganar ba. Ko gaisuwar Hamma ya daina amsawa a gaban mutane. Gari ya ɗauka, wai ya sayar da amanar iyaye don tiyar hatsi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya jure. Sai taurin kai a wurin aiki: rami sai ya yi zurfi, sai ya gangara, sai ya bi ta gindin tanki, wai can ƙasa ta fi laushi. Kowane haɗi sai ya liƙe shi da hannunsa, ba ya yarda lebura ya taɓa.

Ranar gwaji inji ya yi ruri, kowane maɓalli ya amsa. Alhaji, da ya riga ya ƙoshi da baƙar maganar Barmo, ya sallame shi nan take.

"Kwashe kayanka. Ka kuma gaya ma abokinka shi tashi, tun shanunsa ba su mutu mini bayan katanga ba."

"Ba inda za shi, Alhaji."

Barmo ya saɓa jakarsa, ya zagaya katanga a idon kowa, ya gangara kwari. Hamma ya tarye shi da hannu bibbiyu, ya ja shi bayan bukka, ya ɗaga wata tsohuwar tabarma.

Duk wayoyin injin suna cikin tiyo na farko. Na biyun kuwa ga bakinsa nan, yana tsiyayo ruwan tankin Alhaji cikin komin shanu.