Goran da Baba Ya Huda

Ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Tudun Ƙofa, ina da wani farin zomo. Tun da kare ya kashe macen, sai ya daina cin abinci. Ganyen dankali ya yi ta bushewa a gabansa, shi kuwa yana kwance a kusurwar keji.

Wata la'asar Baba ya dawo daga gona ya same ni ina kuka. Ya ɗauko ƙaramin gora, ya huda shi wuri uku da ƙarfe mai zafi, ya zuba gyaɗa a ciki. Har yau ina jin ƙaurin goran nan a hancina.

Na ce, "Baba, a kwano ma bai ci ba, balle an ɓoye masa?"

Ya ce, "Uwata, ba yunwa ke damunsa ba, abin yi ya rasa. Bari ya ɗan wahala kafin ya samu."

Muka tsuguna muna kallo. Can sai zomon ya taso, ya tura goran da hanci, gyaɗa ɗaya ta faɗo. Ya shinshina ta, ya koma kusurwarsa ya kwanta. Na dubi Baba, ya kau da kai.

Yanzu 'yata ta gama jami'a, shekara biyu ba aiki. A ɗaki take wuni. Nakan ajiye mata tuwo, in dawo in tarar ba ta taɓa ba. Na san ba yunwa ba ce. Goran da zan huda mata ne ban sani ba.