Ummi ta Arba'in

Sagir ya shiga ofishin rajistar haihuwa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Jiya liman ya raɗa wa 'yarsa suna Ramlatu, bayan an tattara wayoyin kowa an rufe a tukunya, kada gwamnati ta ji.

Dakta Ramlatu ce mai binciken kwamfutar da ta bankaɗo kundin harajin gwamnati, duniya ta ga mai tuyar ƙosai ta fi masu jiragen sama biya. Tun lokacin doka ta hana sa wa jarirai sunanta.

"Sunan yarinya?" in ji ma'aikaciyar.

"Ummi. Sunan mahaifiyata ta ci, kin san ba zan iya faɗa ba."

Ta danne dariya. "Malam, Ummi ta arba'in ke nan yau. Duk garin nan kowa uwarsa ya mayar?"

"Albarkar iyaye muke nema, Hajiya."

Ta miƙo takarda, ta rage murya. "Allah ya raya. Tawa Ummin watanta biyu."

Sagir ya fita kamar ya taka rawa. Bai ji lokacin da na'urar rajista, mai kai wa gwamnati rahoto, ta tambayi ma'aikaciyar, cikin ladabi, sunan mahaifiyarsa ba.