Sai Kun Ga Uwar

Ɗan kwikwiyon yana kwance a kan teburin ƙarfe, baki buɗe, harshe ya yi shuɗi. Likita ta kara abin sauraro a ƙirjinsa, ta ji abin da ta riga ta san za ta ji. Zuciyar tana huci kamar tayar da ƙusa ta huda.

Ba shi ne na farko ba. Tun shigowar shekara ake ta kawo mata irinsa, jajaye masu farin ƙirji, kyawawa kamar ka sace. Wani ƙugunsa a goce, wani ido ɗaya a mace, amma yawanci zuciya ce. Ba sai an gaya mata ba. Wani mara imani ne yake haɗa uwa da ɗanta, wa da ƙanwarsa, ya kulle karya a keji tana haihuwa a kai a kai babu hutu. Ta taɓa tsintar guda da aka yar bayan kasuwa, nonuwa sun ruɓe, ƙafafu sun lanƙwashe don ba su taɓa sanin gudu ba. A hannunta ta cika.

Ƙara kam ta kai. Aka ce ta kawo adireshi. Adireshin wa? Mutumin ta waya yake ciniki, yau wannan lamba gobe waccan, falon haya yake kama na yini ɗaya, ya sayar ya ɓace. Ta dawo asibiti ta ci gaba da yin allurar da ba ta warkar da kowa, ranta na ƙuna.

Baki ne kawai ya rage mata, bakin kuwa ba ta tausaya masa ba. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Kada ku sayi kwikwiyo sai kun ga uwar. In uwa lafiyayya ce, to." Ta faɗa wa masu gadi, ta faɗa wa direbobi, a gida ma ba ta bar maigidanta ya ci abinci da daɗi ba. Shi kuwa bawan Allah, tun da kamfani ya sallame shi ya zama mai sauraro. Sai ya ajiye cokali ya gyaɗa kai, ya ce wallahi shawara ce mai kyau.

Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ran Asabar, ranar da asibiti ke cika, shi yake fita da Gimbiya ta sha iska. Gimbiya ita ce jar karyar Likita, mai sheƙi, mai ladabi, ga miƙa hannun hagu in an gaishe ta. Da safe zai duba agogon nan mai fashasshen gilashi da ta saya masa tun suna amarci, ya ce sun makara, ya buɗe mata bayan mota. Da yamma ya dawo da ita an yi mata wanka an taje ta. Likita takan tsokane shi, ta ce ita ma da za a riƙa fita da ita haka da ta gode.

Mai kwikwiyon yau tsohuwar malamar makaranta ce. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai, 'ya'ya duk sun yi nisa. Wai don gadi ta saye shi, amma ga shi ta naɗo shi a cikin zanenta mai kyau.

"'Yata, gaya min gaskiya. Zai tashi?"

"Mama, da ciwon aka haife shi. Zan rage masa wahala, amma gyara ya fi ƙarfina."

Tsohuwa ta zauna a kan benci. Da safe, in ji ta, shi ne yake karce ƙofa har ta tashi. Ta jima ba ta da wanda za ta yi wa faɗa sai da ya zo.

Likita ta ji haushi ya taso mata, irin haushin wanda ba shi da abin yi. Ta ce, "Haba Mama! Sau nawa nake cewa sai kun ga uwar?"

"Ai na gani. Ke kika gaya min, ranar da na raka maƙwabciyata nan. Na ce ba zan ba da ko sisi ba sai na ga uwar. Mai sayarwar ya ce in zo ran Asabar. Na je, na gan ta da idona, garau, gashi na ƙyalli. Har hannu ta ba ni."

Sai yanzu Likita ta tuna, sauran masu kawo kwikwiyon ma haka suka ce. Kowa ya ga uwa, kowa ya yaba. Wace irin karya ce wannan, da za ta yi ta zuba 'ya'ya marasa lafiya ita kuma ko ramewa ba ta yi?

Numfashin kwikwiyon ya fara yankewa. Ta sa masa iska, ta murza ƙirjin da yatsu biyu, ta sake murzawa. Ya harba ƙafa sau ɗaya ya miƙe. Tsohuwa ta ja gefen zanen ta rufe shi, hawaye na bin fuskarta, ta lalubo waya a jaka.

"Duba, har hoto na ɗauka, don kada ki ce ban ji maganarki ba."

Likita ta karɓa. Falo ne mai sabon labule. Ga 'yan kwikwiyo a zube a kan tabarma, babu ko ɗaya da ke shan nono. A tsakiyarsu Gimbiya ce zaune, Gimbiyar da ita da kanta ta cire wa mahaifa tun ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, hannun da ke shafa wuyanta kuwa yana ɗaure da agogo mai fashasshen gilashi.