Gilashin tsoho a cikin miya

Ina yaro Baba ya kai ni cin abinci a Dengfeng, a ƙasar Sin. Kusa da mu wani tsoho Ba'indiye na zaune, ɗan barkwancin finafinan Tamil, wanda jarumi ke mari kullum a fassarar Hausa. Wani ɗan kasuwar garinmu ya gane shi, ya kunna kyamarar waya, ya talle masa ƙeya. Gilashinsa ya faɗa cikin miya, aka kwashe da dariya. Tsohon ya yi murmushi.

Baba ya tsamo gilashin, ya goge da bakin rigarsa, ya ce, "Alhaji, sa'an ubanka ne fa."

Har yau murmushin nan ke ƙona min rai. An wulaƙanta dattijo, kuma shi ne ya ji dole ya faranta musu.